Notin da Auta Ya Ɗaure

A bayan shagon Tela akwai wani fili mai rufin kwano, wanda a da ma'ajiyar katako ce. Kowace Asabar da hantsi nan masu tsofaffin motoci suke haɗuwa. Babu bakanike ko ɗaya a cikinsu. Tela ɗinki yake yi, Mai Magani yana da ɗan kanti kusa da asibiti, Dogo kuwa ya gama aikin tuƙin motar ma'aikata ya koma gida da ciwon baya da kunnen da ke jin inji kamar yana magana. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu yana riƙe da motar da ta girmi 'ya'yansa, kuma ya rantse ba zai kai ta gareji a yi mata kaca-kaca ba. Sukan jera motocin a inuwa, a ɗaga bonet, a kewaye. Mai mota ya faɗi abin da ke damunta kamar wanda ya kai yaro asibiti, sauran su kasa kunne.

Suna da doka ɗaya da suke alfahari da ita: ba a sa hannu a injin wani. Ka duba, ka saurara, ka sunsuna, ka faɗi ra'ayinka, amma hannuwanka su tsaya a bayanka, sai in mai motar ya ce da bakinsa, "Sa hannu." Dokar tana da kyau, ita ta hana su faɗa shekara da shekaru. Amma akwai ta biyu da ba wanda ya taɓa furtawa, kuma ita suka fi bi sau da ƙafa: ba a gaya wa mutum mugun labari a kan motarsa. Inji na mutuwa a gabansu za su ce fulogi ne. Wannan suke kira sanin ya kamata.

Ƙaramin cikinsu malamin makaranta ne. Don ya zo ran farko da littafin gyaran motarsa a hammata suka sa masa Ɗan Littafi, sunan ya bi shi. Kawunsa ne ya kawo shi, wan mahaifiyarsa, wanda kowa a filin yake kira Mai Koriya.

Koriyar motar ba ta Kawu ba ce tun asali, ta Auta ce, ƙaramin ɗansa. Auta ya saye ta gawa, tayoyi a ƙasa, kaji suna kwana a kujerar baya. A wannan filin ya sauke injin, ya wanke kowane ƙarfe, ya mayar, dattawan suna tsaye a kansa hannuwa a baya. Ranar da ya ɗora kan injin ya ɗaure noti goman da ke riƙe da shi, sai ya ɗauko fenti rawaya ya ja siririn layi daga kan kowane noti zuwa jikin ƙarfen, don in wani ya saki ya gani da ido. Motar ta tashi, ya yi yawo da ita bai cika shekara ba, ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Matarsa ta koma garin iyayenta da 'yarsu ƙarama. Kawu, wanda duk rayuwarsa akawu ne a ofis kuma bai taɓa riƙe sifana ba, ya ɗauki makullin. Wata Asabar sai ga shi ya shigo filin ya tsaya a inda ɗansa yake tsayawa.

Wata Asabar can cikin damina, tun daga bakin lungu suka ji zuwan koriyar. Injin yana ɗingishi, farin hayaƙi yana bin ta a baya. Kawu ya kashe ta, ya fito, ya buɗe but ya ɗauko jarkar ruwa kafin ma ya gaishe su.

"Mai Koriya, yau ma ƙishirwa take ji?" in ji Tela.

"Kamar ta yini a rana tana noma. Jiya na cika ta, yau ka ga har ta shanye."

"Murfin lagireton nan ne," in ji Mai Magani. "Robarsa ta tsufa. Ka sake shi."

"Na sake shi wancan makon, kai ka ce."

"To fambel, bel ɗin fanka. Danna shi mu gani."

Kawu ya danna fambel da babban yatsa. Yana nan daram. Tun farkon damina suke wannan zagaye. An sake murfi, an sake tiyo, an wanke lagireto, an haɗa fanka kai tsaye don ta riƙa juyawa ba hutu. Kowane mako sai an samo masa wani ƙaramin abu mai arha da zai saya ya ɗaura, ya koma gida da ran cewa an kusa.

Da injin ya huce Kawu ya buɗe murfin lagireto ya cika ruwa, ya shiga ya tayar. Ɗan Littafi ya sunkuya, hannuwansa a baya. Ruwan bai kai ga ɗumi ba amma kumfa tana tasowa daga ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, daidai da bugun injin. Ya zagaya baya ya shaƙi hayaƙin salansa, ya ji wani ɗanɗano mai zaƙi-zaƙi a maƙogwaro.

"Kawu, buɗe mini murfin baƙin mai in gani."

Kawu ya buɗe ya juya shi. Cikinsa ya yi kauri, launin shayin da aka cika wa madara.

"Raɓa ce," in ji Mai Magani da sauri. "Motar da ba ta doguwar tafiya haka take yi."

Ɗan Littafi ya buɗe baki, sai ya ji an taka masa ƙafa. Dogo ne, yana kallon wani wajen.

"Malam, zo ka kama mini wani abu a motata," in ji shi.

Suka koma can ƙarshen fili. Tela ya biyo su yana goge hannu da tsumma, ko da yake bai taɓa komai ba.

"Baba Dogo, gaskit ne," in ji Ɗan Littafi. "Shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ta ƙone. Ruwa yana shiga inda wuta take."

"Rage murya."

"Ruwa ya fara haɗuwa da mai."

"Na ce ka rage murya. Ka ɗauka kai kaɗai ke da hanci? Tun ba ka iya ɗaure wando ba nake jin warin ruwan da ya ƙone a salansa."

"To kun sani ke nan."

"Har Mai Magani ya sani, shi da bai san bambancin kwayil da gwangwanin madara ba," in ji Tela.

"Kun sani, kuka bar shi yana sayen murfi da tiyo?"

Dogo ya jingina da motarsa, ya dafe ƙugu. "Don a sake gaskit me za a fara kwancewa?"

"Kan inji."

"Me ke riƙe da kan inji?"

Ɗan Littafi ya waiga wajen koriyar. Dogo ya ci gaba.

"Kullum ya ɗaga bonet, abin da yake fara yi shi ne ya bi layukan nan da ido, ɗaya bayan ɗaya. Ka taɓa lura? Ni na lura. Ba injin yake zuwa dubawa ba. Yaron bai bar masa gida ba, bai bar masa gona ba. Layi goma ya bar masa. Kai ne za ka ce ya sa sifana ya karya su?"

"In bai karya su ba injin zai mutu da su a jikinsa."

"Watakila ta kai shi wani lokaci."

"Wane lokaci, Baba? Kowace tafiya ƙarfen nan yana gasuwa. Yau gaskit ne, gobe kan injin ne zai tsage."

"Ɗan Littafi," in ji Tela, "a shafi na nawa aka rubuta yadda ake gaya wa uba ya kwance aikin ɗansa da ya mutu? Nuna mini in karanta."

"Ba a rubuta ba. Amma ba a rubuta a yi masa ƙarya ba."

"Ba ƙarya muke yi ba. Lallashi muke yi."

"Shi kuke lallashi ko kanku?"

Dogo ya dube shi daga sama har ƙasa. "Kai yaro ne, jininka na tafasa. Ka bar manya da abin da suka sani."

Abin da manya suka sani ke nan: su zauna a inuwa su zuba ido abu yana lalacewa, kowa yana jiran wani ya fara magana, sannan in ya lalace su taru su ce ƙaddara ce. Ɗan Littafi ya haɗiye maganar don girman furfura, ya koma. Ya tarar Mai Magani ya riga ya rubuta wa Kawu maganin wannan makon: a sayi wani gari da ake zubawa a lagireto yana toshe yoyo.

A tsakiyar mako Ɗan Littafi ya biya gidan Kawu bayan an tashi daga makaranta. Kawu ya fita sayen garin nan da ƙafa. Koriyar tana tsakar gida ƙarƙashin rumfa, an lulluɓe ta da tsohon zanen gado, jarkoki a jere a gindin bango. Matar Kawu, wadda yake kira Inna tun yana ƙarami, tana zaune a ƙofar ɗaki tana gyaran maɓallin riga.

"Ka ga jarkokina?" ta ce bayan sun gaisa. "Duk ya kwashe. Ko ta wanki bai bar mini ba."

"Me zai yi da su haka da yawa?"

"Bai gaya maka ba? Ƙarshen wata zai tafi wajen yarinyar. Ya yi mata alkawari a waya zai zo mata da motar babanta ta gani. Tun ranar ba ta da zance sai wannan. Uwarta ta ce har ta gaya wa 'yan ajinsu."

Ɗan Littafi ya san hanyar. Yini guda ce, rabinta hawa.

"Inna, motar nan ba za ta kai ba."

"Na sani."

"Ke ma?"

"Ni ban san inji ba, amma na san mai lafiya ba ya shan ruwa haka. Ba ni na yi jinyar mai ita ba?" Ta ciji zaren ta tsinke shi. "Da asuba yake fitowa ya ɗaga murfin ya tsaya. Ina kallonsa ta taga. Ba ya taɓa komai, tsayawa kawai yake yi."

"Su Baba Dogo sun ce kada a gaya masa, saboda fentin."

"Fenti." Ta ajiye rigar a cinya. "Ni ba noti na haifa ba. Yaron nan ya yi wata da watanni yana dawo mini da riga baƙa ƙirin don motar ta yi tafiya, ba don a tsaya ana kallonta ba. In ta mutu masa a dokar daji, da tsufansa, da hawan jininsa, abokan nasa ne za su je su ɗauko shi?"

"Ke kin gaya masa?"

"Na gaya masa ya hau motar haya, ya ce me na sani. Gaskiyarsa, ban sani ba. Ku da kuka sani kun yi shiru."

Asabar ta zagayo. Garin da aka zuba bai hana komai ba, sai ma ya sa ruwan ya yi launin laka. Kawu ya shigo, allurar zafi tana kusa da ja, ya kashe motar ya fito da fara'arsa ta dole. Ya ce yana so a duba masa ita da kyau, don tafiya ce a gabansa. Aka kewaye, hannuwa a baya. Tela ya soma cewa wataƙila famfon ruwa ne ya gaji.

"Ba famfo ba ne," in ji Ɗan Littafi.

Dogo ya yi gyaran murya. Ɗan Littafi bai kula shi ba.

"Kawu, gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Ba murfi ba ne, ba tiyo ba ne, ba famfo ba ne. In ka hau hanya da ita haka ba za ta gama hawan farko ba, kuma in ta tsaya a can ta tsaya ke nan. Sai an buɗe kan."

A shagon gaba ana jin keken ɗinki yana tafiya.

"Auta ne ya sa gaskit ɗin nan," in ji Kawu a hankali. "Sabo ya saya. Ina nan ya nuna mini a leda."

"Na sani, Kawu."

"Kana cewa bai iya ba?"

"Ban ce ba. Ka tuna ranar da tiyo ya fashe maka a hanyar kasuwa ka lallaɓo da ita har gida ba ruwa? Gaskit ɗin da ya sha wannan zafin, ko wa ya sa shi, sai ya ƙone. In kana so ka gani da idonka, in ta huce ka cire fulogi huɗun ka jera."

Kawu ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Ba wanda ya zauna. Da injin ya huce ya ɗauko sifanar fulogi daga akwatin kayan aikin Auta, ya cire su ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan tsumma. Uku sun yi baƙi-baƙi kamar yadda ya kamata. Na ukun a layi fari fat, kamar yanzu aka wanke shi.

"Tururi ne ya wanke shi," in ji Ɗan Littafi. "Nan ruwan yake shiga."

Kawu ya ɗauki farin fulogin ya juya shi a tafin hannu. Sannan ya ɗago.

"Dogo. Ka san wannan?"

Dogo ya kalli ƙasa. "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina."

"Tela?"

"Mai Koriya, mu dai gani muka yi..."

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani."

Bai tambayi Mai Magani ba. Mai Magani da kansa ya cire hula ya riƙe.

"Wato duk Asabar ɗin nan da nake zuwa," in ji Kawu, "kuna aikena kasuwa kamar yaron da ake so ya bar ɗaki manya su yi magana."

"Don kai muka yi," in ji Dogo.

"Na san don ni kuka yi. Shi ya sa ya fi ciwo."

Ya je ya zauna a kan bencin da suke ajiye fulas ɗin shayi, ya juya musu baya. Ɗan Littafi ya tsaya inda yake. Ya yi zaton in ya faɗa zai ji sauƙi, bai ji ba. Tela ya matso kusa da shi ya ce ƙasa-ƙasa, "To, ka karanta masa shafin. Sai ka zauna ka ga abin da ka yi." Inuwar rufin ta ja baya har rana ta fara taɓa bonet ɗin koriyar, dattijon bai motsa ba.

Da ya tashi, wajen motar ya nufa. Ya tsaya a gabanta, idonsa yana bin layukan, daga na gaba har na baya.

"In an buɗe za ta rayu?" Bai juyo ba.

"Sai an buɗe za a sani, Kawu."

"Dogo, kai nake tambaya. Kuma ka gaya mini yadda take."

"Sai an buɗe," in ji Dogo. "In kan bai tsage ba, aikin kwana biyu ne. In ya tsage sai an nemo wani."

Kawu ya naɗe hannun riga. Suka gaya masa abin da zai fara cirewa, ya zubar da ruwa da mai, ya kwance kafireto, ya kwance bakin salansa, ya ɗage abin da ya tare hanya, yana yi suna nuna masa da haɓa. Da ya zo kan noti goman, Ɗan Littafi ya ce a fara daga na gefe a nufo tsakiya, kaɗan-kaɗan, don kada ƙarfen ya lanƙwashe. Kawu ya ɗora sifana a kan na farko. Ya ja. Notin bai san ana yi ba. Ya gyara tsayuwa ya sake ja har jijiyoyin wuyansa suka fito. Ya zura bututu a ƙotar sifanar ya rataya da duk nauyinsa. Auta saurayi ne mai ƙarfi lokacin da ya ɗaure shi, kuma zafi ya ƙara kama shi.

Su huɗu suna tsaye, hannuwa a baya, suna kallon tsoho yana kokawa da ƙarfe. Dogo ya matse yatsunsa har suka yi ƙara.

Kawu ya saki, yana haki, ya dafa gefen motar.

"Ku sa hannu," ya ce. "Dukanku. Ni ma ba zan cire nawa ba."

Dogo ya kama ƙarshen bututun, Ɗan Littafi ya danne kan sifanar don kada ta zame, hannun Kawu yana tsakiya. Suka ja tare. Notin ya yi wata ƙara kamar an karya busasshen ice, layin rawaya ya rabu biyu, rabi ya juya da notin, rabi ya tsaya a jikin ƙarfe. Kawu ya rufe ido, ya buɗe.

"Na gaba," ya ce.

Tela yana karɓar kowane noti yana soka shi a kwali bisa jerinsa. Da suka gama, mutum biyu suka ɗaga kan injin suka kifa shi a kan benci. Gaskit ɗin ya cinye a gefen silinda ta uku, baƙi, ya yi kamar takardar da wuta ta lasa. Dogo ya goge cikin kan da tsumma da fetur, ya sa tabarau, ya daɗe a sunkuye. Sannan ya kira Kawu ya ɗora masa farce a tsakanin bawul biyu. Tsagar siririya ce kamar gashi, amma farce yana kama ta.

"Ya tsage," in ji Dogo. Ya cire tabarau. "Kuma tun da ka ce in gaya maka yadda take: tsagar nan sabuwa ce. Da mun yi magana a farkon damina, gaskit kawai za ka saya, wannan kan ya koma inda yaron ya ɗora shi. Mu muka ci maka shi."

Ba wanda ya ce ƙaddara ce. Kawu ya gyaɗa kai kawai, ya koma wajen motar ya leƙa cikin injin da ke buɗe. Cikin fistin huɗun, ƙarafan da ke hawa da sauka a ramukan silinda, uku sun yi baƙi da tsohuwar toka. Na silinda ta uku, wanda tururi ya yi ta wankewa, yana ƙyalli, kuma a samansa akwai ƙananan ɗigo uku da aka buga da tsinin ƙarfe.

"Wannan fa?"

"Hannunsa ne," in ji Dogo. "Da ya fitar da su sai ya yi wa kowanne alama don ya koma raminsa. Na ce masa alli ya isa, ya ce alli yana gogewa. Sauran ma suna da nasu a ƙarƙashin baƙin nan." Ya shafa bangon silindar da yatsa. "Dubi nan, sumul. Wannan cikin zai kai jikarka makarantar gaba da sakandare. Yaron ya iya aiki."

Kawu ya ɗora babban yatsansa a kan ɗigon ukun, ya bar shi a nan. Kafaɗunsa suka soma motsi. Sauran suka juya suka sami abin yi: Mai Magani ya kama tattara tsummoki, Ɗan Littafi ya shiga wanke noti da fetur, yana kaffa-kaffa kada fentin ya fita.

Tela ya ɓace ta ƙofar bayan shagonsa. Can sai ga shi yana nishi, rungume da wani abu a cikin buhu. Kan inji ne irin na koriyar sak, an shafe shi da giris an naɗe da leda.

"Shekara nawa matata tana cin karo da shi a ƙarƙashin gado tana zagina," ya ce. "Na ajiye wa tawa ne, amma tawa tsoron mutuwa take yi. Ɗauka, ka raba ni da faɗa."

"Tela..."

"Kada ka gode mini. Ban cancanta ba tukuna."

Asabar ta gaba suka ɗora shi a kan sabon gaskit. Ɗan Littafi ya kawo sifanarsa mai awo, wadda Tela ya saba kira sandar malam, ba wanda ya yi mata dariya a ranar. Suka mayar da noti goman na Auta, kowanne a raminsa, daga tsakiya zuwa gefe, Kawu yana ja har sifanar ta yi ƙas. Aka zuba sabon mai da ruwa mai tsabta. Da ya murza makulli ta yi tari sau biyu ta kama, hayaƙin ya yi ta raguwa har ya ɓace. Ɗan Littafi ya leƙa bakin lagireto. Ruwan yana zagayawa shiru, ba kumfa. Dogo ya karkata kai ya saurara, ya daɗe, sannan ya ce, "Silinda huɗun duk suna bugawa."

Mai Magani ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihu, fenti rawaya da siririn buroshi, ya miƙa wa Kawu ba tare da ya dube shi ba.

"Kada a ja layi yanzu," in ji Ɗan Littafi. "Sai ta yi tafiya ta yi zafi ta huce, a sake bin su da sifana. In ka isa can, washegari da safe ka bi su. Zan ba ka sifanar ka tafi da ita."

"In na isa can," in ji Kawu. Ya juya kwalbar a hannu. "To yarinyar ta ja da kanta. Hannunta ya fi nawa tsayawa."

Ya sa kwalbar a aljihun gaban mota. Tsohon kan injin kuwa, mai rabin layuka goma a jikinsa, ya naɗe shi da buhun Tela ya sa a but, inda jarkoki suke a da. Ya bar jarka ɗaya tak. Kafin ya rufe bonet ya tsaya kamar yadda ya saba. Kowane noti yana ɗauke da guntun fentinsa, wani ya kalli gabas, wani yamma, ba wanda ya sami abokin haɗuwa a sabon ƙarfen. Ya dube su har na ƙarshe, ya sauke bonet ɗin a hankali, ya danna.

"Kai," ya ce wa ɗan ƙanwarsa, "ba ka iya magana ba. Ko uwarka haka take."

"Na sani, Kawu."

"Shiga mu zagaya. Ka zuba wa allurar nan ido, in ta motsa ka gaya mini."

Suka fita ta lungun, suka hau babban titi, suka nufi inda hanya take da ɗan hawa a bayan gari. Kawu ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ɗan Littafi bai ɗauke ido daga allurar ba. Ta tashi daga ƙasa a hankali, ta zo tsakiya, ta tsaya.